Layi Shida da Na Goge a Shafin Mushe Bitrus

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa komai ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi. Lokacin ina da wani ɗan shago a Sabon Gari, nan Maraɗi, ina gyaran ordinatar, wato kwamfuta, da salula, ban daɗe da barin jami'a ba, ban yi aure ba, ba ni da abin da ke cin lokacina sai aiki da gardama, kuma wallahi duk wanda ya san ni a wancan zamanin zai gaya muku gardamar ta fi aikin yawa.

Bayan aikin shago ina da wani aikin da ba mai biyana, kuma shi na fi so. Bari in yi muku bayani a taƙaice don kada in bar wani a baya. Kowace ordinatar, kowace salula, har da ƙananan akwatunan nan da ake liƙa wa injuna, akwai tsarin da ke tafiyar da su, can tsakiyar tsarin kuma akwai abin da muke kira ƙwaya, ita ke ba kowane ƙarfe umarni. To akwai wata ƙwayar da ba mallakar kowa ba ce, mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke gina ta kyauta, kowa ya kawo gyaransa ta wasiƙar imel a wani zaure da duk duniya ke iya karantawa. Gyaran nan faci muke ce masa, kamar dai na taya. Ni ba na cikin manyan da ke rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi, ni mai kula da takardu ne, wato shafukan bayanin da ke gaya wa mutum yadda zai yi amfani da abu. In kod ya canza bayani bai canza ba, in gyara. In shafi ya tsufa, in share. Kuma ina da hannu wajen shara, kai, har alfahari nake yi da shi, domin ba abin da na tsana irin dogon surutu a takarda.

Ƙa'idar zauren mai sauƙi ce. Kowane ɓangare yana da mai kula da shi. Ka aika faci, in mai ɓangaren ya ce a'a, magana ta mutu. In ya yi shiru har mako biyu, shugabar takardu, wata mata can ƙasar sanyi da ban taɓa ganin fuskarta ba, ita za ta yanke hukunci. In kuwa mai ɓangare ya daɗe ba a ji duriyarsa ba, sai a rubuta "maraya" a gaban ɓangarensa.

Wanda ya sa ni a wannan hanya shi ne Mushe Bitrus, haka muke kiran malamin boko a wajenmu, malaminmu na kimiyya a lise, wato sakandare, Kirista ne mutumin Tsibiri, dogo siriri, kullum aljihun rigarsa da biro uku. Shi ya rubuta ɗan ɓangaren da ke tuƙa wani akwati mai kunna injin ban-ruwa da kashe shi, akwatin da manoma ke amfani da shi nan wajenmu da wasu ƙasashen ma, kuma shi ya rubuta shafin bayaninsa. Mutumin kirki ne, amma in ya kama bayani sai ka yi hamma sau uku bai kai rabi ba. Shi kuma ya laƙaba mini suna Mai Almakashi, wai ina yanka rubutu kamar tela mai saurin zuwa masallaci. A kan wannan muka taɓa yin sa-in-sa a gidansa, na fita raina a ɓace, daga nan ban sake taka Tsibiri ba fiye da shekara, ban kira ba, shi ma bai kira ba. Ina faɗin wannan da kunya, amma haka aka yi.

Wata rana cikin bazara, ina bin shafukan da aka rubuta wa maraya, sai ga na Mushe Bitrus a ciki. Na ce a raina, tsoho ya yi ritaya ya koma gona ya bar mana shara. Na buɗe shafin, kuma a tsakiyarsa akwai wasu layuka shida da ya rubuta da manyan baƙaƙe, da turanci suke amma ga ma'anarsu: kada wanda ya sa hannu cikin injin don kawai ya danna maɓallin tsayawa, in wuta ta tafi ta dawo, akwatin yana manta an ce masa ya tsaya, sai ya tada injin da kansa, a je a sauke babban makunni da hannu, a sa masa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mai aikin. Ya maimaita maganar sau biyu cikin layi shidan nan, don haka halinsa yake.

Ni kuwa na san wani abin da nake ganin shi bai sani ba. Watanni kafin nan wani ƙwararre a waje ya gyara kod ɗin, yanzu akwatin yana ajiye umarnin tsayawa ko da wuta ta ɗauke. Kuma kada ku ce ban gwada ba, na gwada. Na aro akwati ɗaya na haɗa shi da ƙaramin inji a kan tebur ɗin shago, na danna tsayawa, na zare waya, na ƙirga goma, na mayar, shiru. Sau goma na yi, ko gezau bai yi ba. Sai na goge layi shidan nan, na rubuta dalilina cikin layi biyu, na aika faci zaure ina jin daɗin kaina.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma ina da wa, Yaya Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana noman zogale da tattasai a Jiratawa, kuma shi abokan nomansa suka ɗora wa kula da injin rijiyarsu, wani tsohon inji mai bel da irin wannan akwati a jikinsa. Babban makunninsu yana can jikin wani turke nesa da ɗakin injin, sai ka tsallake kwalbati da kunya-kunyan shuka kafin ka kai, kuma kullum Yaya yana mita wai don ya ɗaure bel na minti biyar sai ya yi tafiyar zuwa da dawowa cikin rana. Na je ranar wata Juma'a, na sabunta masa akwatin, na buga masa takarda da Hausa, gajeruwa tsaf: danna jan maɓalli, in fitila ta yi ja ka yi aikinka lafiya. Na sa ta a leda na liƙa a ƙofar ɗakin injin da hannuna. Ya karanta ya ce, "Injiniya, ka tabbata?" Na ce, "Yaya, in ban tabbata ba zan ba ka?" Ya ce to madalla, yau boko ya yi rana.

Kwana uku bayan na aika facin, da rana tsaka, ina cin dambu da zogale a bakin shago, salula ta yi ƙara. Wasiƙa ce daga adireshin Mushe Bitrus. Layin farko da turanci, irin ƙin amincewar da masu ɓangare ke rubutawa, sai a ƙasa da Hausa: "Mai Almakashi, kada a cire. Ka gwada da wutar Maraɗi?"

Kai, raina ya ɓaci. Mutum ya yi shiru fiye da shekara, ya bar ɓangarensa ya zama maraya, sai ranar da na taɓa rubutunsa zai farka? Kuma wace tambaya ce wannan, da wutar ina zan gwada, ta Makka? Na ajiye kwano, na rubuta masa doguwar amsa a zaure, ni da na tsani dogon surutu, na lissafa masa gwaji goma ɗaya bayan ɗaya. Washegari amsa ta zo, kalmomi kaɗan, abin da ba halinsa ba ne: "Ba ɗaukewa nake nufi ba. Ƙiftawa." Ban tsaya na yi tunani a kai ba, wallahi ko na minti ɗaya, don na riga na hau dokin zuciya. Na mayar masa da magana marar daɗi, na ce Mushe, da girmanka, amma zamani ya wuce wannan tsoron, kod ya canza, a bar yara su yi aiki.

Daga nan shiru. Da mako biyu suka cika sai ga saƙon shugabar takardu, ta ce ta karɓi facina tunda ba wanda ya ƙi, amma tana da tambaya: da wa nake ta gardama? Wai ita amsoshina kawai take gani, ba ta ga wasiƙun da nake amsawa ba. Na buɗe ma'ajiyar zauren, inda duk abin da aka aika ke zama har abada, na duba, gaskiyarta. Ga wasiƙuna biyu a jere ina ta kumfar baki, sama da su ba komai, kamar mahaukacin da ke faɗa da iska a bakin tasha. Na ɗan ji wani iri, amma nan da nan na ba kaina amsa, na ce tsoho ne ya manta ya sa adireshin zaure, ya aiko mini ni kaɗai. Kun san mai gardama ba ya rasa amsa.

Duk da na ci nasara abin bai bar ni na sake ba, ba don ina shakka ba, a'a, so nake in ga idonsa lokacin da zai ce na yi gaskiya. Ranar Laraba da hantsi na ɗaure akwatin gwajin nan a bayan moto, wato babur, na kama hanyar Tsibiri, ina tafe ina shirya maganganun da zan gaya masa.

Na yi sallama a ƙofar gidan, matarsa Mama Rahila ta fito, ta rame ƙwarai, ta tsaya tana kallona kamar tana neman inda ta san ni, sannan ta ce, "A'a, ɗana, kai ne? Sai yau?" Ta shimfiɗa mini tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta kawo ruwa, muka gaisa, na tambayi yara da jikoki, sannan na ce, "Mama, Mushe fa, ya tafi gona ne?" Ta ajiye moɗar a hankali. Ta ce, "Ba ka ji ba ke nan." Wata bakwai da rasuwarsa. Ciwon kwana huɗu ya yi, an yi sanarwa a coci, an rufe shi nan Tsibiri, tsofaffin ɗalibansa da yawa sun zo, ta ce ta yi ta duba fuskoki ba ta gan ni ba, ta ɗauka ko na bar ƙasar.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kunya ce ta fara kama ni kafin tsoro, na yi mata ta'aziyya, sai da na gama sannan lissafi ya faɗo mini: wata bakwai, ni kuwa mako biyu da suka wuce na gaya masa baƙar magana, ya kuma karanta, don ya amsa ta farko. Na ce, "Mama, wa ke amfani da ordinatar ɗinsa yanzu?" Ta ce ba kowa, yaran duk suna Yamai da Damagaram, ita kuma ko kunna ta ba ta iya ba. Ta shiga ɗaki ta jawo wani akwatin ƙarfe, ta buɗe a gabana, ta ɗaga rigunansa, ga ordinatar ɗin a ƙasa naɗe da zane. Na ɗauko ta. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin ƙasa, tururuwa sun yi gida a ramukan gefe, abin da ko ni mai gyara ba zan iya tayar da shi ba. Salularsa kuma, ta ce, tun ranar da aka kai shi lopital, wato asibiti, ta faɗa cikin bokitin ruwa, layin ma ya daɗe da mutuwa.

Ban gaya mata komai ba tukuna. Na dai tambaye ta ko ta san wani gargaɗi da ya rubuta kan injin ban-ruwa. Ta ce ita ba ta san rubutunsa ba, amma ta san makon da ya rubuta wani abu yana kuka. Shekarun baya, lokacin da ya fara haɗa akwatin nan a wani lambu, akwai wani bawan Allah mai gadin rijiyar, Ɗan Tani, ya sa hannu yana gyaran bel, wuta ta yi wasa, injin ya tashi ya tafi da hannun tun daga gwiwa. Mushe ne ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin hanya. Ta ce kwana uku bai ci abinci ba, yana zaune nan inda nake zaune, yana rubutu yana gogewa, ya ce mata yana neman kalmar da ko rago in ya karanta zai tashi ya je ya sauke makunni. Kuma har ya mutu duk wata sai ya kai wa Ɗan Tani hatsi. Ni da na yi shekara uku a ajinsa, na yi shekaru ina zuwa gidansa, ban taɓa jin wannan ba, domin ban taɓa tambaya ba.

Tana cikin magana salulata ta yi ƙara a aljihu. Rana tsaka fa, kaji suna yawo, wata maƙwabciya tana daka, matacciyar ordinatar ɗinsa tana kan cinyata. Na ciro na duba, adireshinsa ne. Layi ɗaya: "Takardar da ka liƙa a Jiratawa, yanzu ake karanta ta."

Innalillahi. Ba wanda na gaya wa zancen takardar nan, ba a zaure ba, ba a ko'ina ba, daga ni sai Yaya Habu. Na miƙa wa Mama Rahila salular, na ce ta duba sunan da ke sama. Ta kai ta kusa da ido, ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati irin nasu ba, cewa kawai ta yi, "In shi ne, ba ya aiko da magana a banza. Tashi ka tafi."

Na kira Yaya, salularsa tana ta ƙara ba a ɗauka, na san ya rataye riga a reshe da salular a ciki kamar kullum. Na kira wani abokin nomansa, ba ta shiga. Ko sallama ban yi ba, na haye moto. Wanda ya san wajenmu ya san Tsibiri tana wannan gefe, Jiratawa tana wancan, dole sai ka ratsa Maraɗi ta tsakiya, kuma ranar kamar duk kabu-kabun garin da amalanken shanu sun haɗa baki su tare mini hanya. Ina tafe ina zagin mutanen da ba su yi mini komai ba. Wajen wani layin masu walda na ji abin da ya sa na gane maganar Mushe: ƙarar injunansu ta yanke ta dawo cikin daƙiƙa guda, fitilar wani shago ta lumshe ta buɗe. Ƙiftawa. Abin da wutarmu ke yi sau nawa a yini in zafi ya yi zafi, abin da na saba da shi har na daina ganinsa. Ni gwajina duk zare waya nake yi in ƙirga goma kamar mutumin ƙasar da wuta ba ta wasa, ban taɓa gwada wannan ba ko sau ɗaya.

Da na bar kwalta na shiga hanyar lambuna, moto ta kafe a yashi, na yar da ita na sa gudu, ina tattake zogalen mutane, ina kwala kira, "Yaya! Yaya Habu! Cire hannunka!" Daga nesa na hango ƙofar ɗakin injin a buɗe, ga farar takardata tana sheƙi cikin leda, ga shi a durƙushe ya ba ni baya, hannunsa na hagu cikin bel har wuyan hannu, jar fitila tana ci a jikin akwatin yadda na rubuta masa. Ya ji muryata ya waiwayo, ya fara zaro hannun yana cewa, "Kai lafiya, mi ya faru?" Ina kallo da idona jar fitilar nan ta lumshe ta buɗe kore. Injin ya tashi.

Ba zan ba ku labarin ƙarar da ya yi ba. Yatsu biyu suka tafi, ƙaramin da na kusa da shi. Da kirana ya yi jinkirin numfashi ɗaya da hannun ne duka, wataƙila har da shi kansa, don bel ɗin ya kama bakin zanen da ya ɗaura a ƙugu ya yage shi gida biyu. Ni na ruga na sauke babban makunnin, tafiyar nan da na ce masa ba sai ya yi ba, na dawo na ɗaure hannun da rigata, mutane suka taru aka samo mota aka kai shi lopital a Maraɗi. Duk hanya yana salati, ni kuwa ina riƙe da hannun sama ina kuka kamar yaro, shi ke ba ni haƙuri.

Kwana biyu bayan nan, yana kwance, na zauna bakin gadon na gaya masa gaskiya duka, cewa akwai gargaɗi, ni na goge shi, an hana ni har sau biyu na ƙi ji. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Wa ya hana ka?" Na gaya masa. Ya ce, "Mushen nan mai biro? Ba ya mutu ba? Ai ni na ji tun kaka." Na ce ya mutu. Sai ya ɗaga hannun da ke naɗe ya ce, "To Injiniya, je ka mayar da maganar mutane inda ka same ta. In tawada ta ƙare maka, ga jinina nan an zubar da yawa." Bai sake tayar da zancen ba har yau, ko da wasa, kuma wannan ya fi mini zafi a kan da zagina ya yi.

Na koma shago na haɗa akwatin gwajin, wannan karon na riƙa taɓa wayar ina ɗagawa da sauri, kamar yadda wutarmu ke yi. A karo na huɗu injin ya tashi. Ashe gyaran da aka yi yana aiki ne in wuta ta tafi sosai har akwatin ya samu lokacin ajiye umarni. In ƙiftawa ce, bai gama barci ba ya farka, sai ya ɗauka sabuwar rana ce. Na rubuta wa zaure, na ce ni ne na yi kuskure, na faɗi abin da ya jawo ba tare da na ɓoye yatsun yayana ba, na mayar da layi shidan nan harafi da harafi, har da maimaicin da ke ba ni haushi. Na sanar da su rasuwar Mushe Bitrus, na cire kalmar maraya na sa sunana a wurin. Shugabar ta karɓa a ranar, ba ta jira mako biyu ba. Na bi lambunan da na san suna da akwatin nan ɗaya bayan ɗaya, na saya musu kwaɗo.

Wasiƙun kuwa na kai su wurin wani abokina da ya fi ni sanin harkar, don kowace wasiƙa tana ɗauke da jerin tashoshin da ta biyo kafin ta iso, kamar hatimin da ake buga wa fasfo. Ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa, ya ce waɗannan ba su biyo ta ko'ina ba, wurin fanko ne, kamar a cikin salular aka haife su. Ya tambaye ni ko wasa nake masa. Na karɓi abata na tafi. Wani malami da na gaya wa ya ce in yi sadaka in bar bincike, Mama Rahila kuma ta ce ita ba ta da abin cewa, mijinta dai bai taɓa barin aiki rabi ba. Ni ban ce muku fatalwa ba ce, ban ce aljani ba ne, ban san ko mene ne ba, kuma na daina neman sani.

Na ɗauka an gama. Mako guda bayan an mayar da layukan, da la'asar sakaliya, ina gyaran wata salula a kan tebur, tawa ta yi ƙara. Tun kafin in duba na san ko wane ne. Shi ne, kuma ita ce wasiƙa ta ƙarshe da na samu daga gare shi: "Wannan ya koma. Saura ɗaya cikin waɗanda ka yanke, ba a shafina ba."

Na amsa nan take, na ce Mushe don Allah wane shafi, na roƙe shi, na ba shi haƙurin da ban ba shi ba yana da rai. Wasiƙar ta dawo mini, wai babu mai wannan adireshi.

Jama'a, kafin ranar nan na yi shekara huɗu ina yanka. Shafukan na'urorin asibiti na taɓa, na batura na taɓa, na birkin wasu injuna da ban taɓa gani da idona ba na taɓa, duk inda na ga dogon gargaɗi da ya yi mini kama da tsoron tsofaffi na rage shi, kuma an buga waɗannan shafuka an kai su ƙasashen da ban san sunansu ba. Tun daga lokacin nake bin facina na baya ɗaya bayan ɗaya, na mayar da da yawa, wasu masu ɓangaren har sun gaji da ni sun ce in bar tono abin da ya wuce. Amma ban san ko na mayar da wanda yake nufi ba, don ba a sake aiko mini da komai ba, ba a ce ya koma ba.

Shawarata gare ku, ko takarda kuke kula da ita, ko inji, ko wani tsohon gida da kuka gada: in kun tarar da gargaɗin da ba ku gane dalilinsa ba, kada ku taɓa shi sai kun nemi wanda ya rubuta kun tambaye shi me ya gani, tun yana da bakin amsa muku a zaune. Ni yanzu na yi aure, ina da ƴaƴa, shagon ma ya girma, amma har gobe in ina zaune wuta ta ƙifta, sai na bar abin da nake yi na kasa kunne, don na san wani wuri akwai mutumin da ya karanta shafin da na gyara, ya yarda da ni, ya naɗe hannun riga.